Kwafi Daban, Jabu Daban: Masu Sake Ƙera Jiragen Yaƙin Da Da Hannu

Duk wanda ya taɓa zama a shago, ko a Gbagi ko nan cikin Sabo, ya san tambayar da kwastoma ya fi jefo wa ɗan kasuwa: "Alhaji, orijinal ne?" Mu da muka haura shekara talatin muna auna yadi mun amsa ta har ba adadi. A bakin yawancinmu kaya iri biyu ne kawai, ko orijinal ko jabu. Amma akwai na uku wanda ba kasafai muke ba shi suna ba, wato abin da aka kwaikwaya tsakani da Allah, aka bi asalinsa zare bayan zare, sannan aka faɗa wa kowa cewa kwafi ne. A kan masu irin wannan aiki muke son yin magana a wannan fitowa, ko da yake abin da suke kwafa ya yi nisa da shadda da atamfa. Jiragen yaƙi ne na zamanin Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, waɗanda wasu mutane a Ingila da Jamus da Amurka da Niyu Zilan suke sake ƙerawa da hannu. Kuma ba don a ajiye a riƙa kallo kawai ba, a'a, hawa ake yi a tashi sama da su.

Yaron shagonmu ne ya fara nuna mana a waya. Wani dattijon Bature ne riƙe da allura mai tsawon kamu guda yana ɗinke farin ƙyalle a jikin wani firam na katako. Da farko sai ka rantse mai katifa ne. Ashe fiffiken jirgi yake ɗinkawa. Tun daga ranar, in kasuwa ta yi sanyi tsakanin Azahar da La'asar, mukan sa yara su nemo mana abin su fassara inda Turancin ya fi ƙarfinmu.

Sai mai karatu ya fara cire jirgin da yake gani yana sauka a Alakiya daga ransa. Jirgi mai inji na farko da ya tashi da mutum, na 'yan'uwan nan biyu 'yan gidan Wright a Amurka, a Disamba 1903 ne, kuma daƙiƙa 12 ya yi a sama. Shekara 11 kacal bayan haka yaƙi ya ɓarke. To me aka sani a lokacin? Katako, ƙyalle, waya da gam. Ɗauki shahararren jirgin Ingila, Sopwith Camel, wanda ya fara tashi a ƙarshen 1916, shekarar da aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa ta Sabo. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 28 ne. Nauyinsa, ba mai ba matuƙi, kilo 420 ne ko kusa da haka, wato bai kai buhun shinkafa tara ba. An sa masa sunan raƙumi ne saboda wani tozo da ke gaban matuƙi, inda aka rufe gindin bindigogi biyu. An ƙera guda 5,490. Yau waɗanda suka rage na asali a duniya ba su kai goma ba.

Na Jamus ma ya fi haka muni. Jirgin nan mai fiffike hawa uku, Fokker Dr.I, wanda Manfred von Richthofen ya mutu a cikin irinsa a Afrilu 1918 bayan ya harbo jirage 80, guda 320 aka yi, kuma ko ɗaya bai rage ba. Akwai wanda aka ajiye a gidan tarihi a Balin, bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka cinye shi. Saboda haka duk wanda ka gani a hoto mai launi ko a fim, ja jawur yana shawagi, wani ne ya zauna ya ƙera shi daga baya. Ba abin mamaki ba ne. Abin da aka yi da katako da ƙyalle, don ya yi 'yan watanni a fagen daga, wa zai yi tunanin adana shi? Da aka gama yaƙi wasu aka cinna musu wuta, wasu aka sayar a farashin itacen girki, na Jamus kuma yarjejeniyar sulhu ta tilasta a miƙa su ko a lalata.

To ta ina mai son sake ƙera shi zai fara? Daga takarda. In an yi sa'a zanen masana'anta na nan, kamar yadda na Sopwith da yawa suka tsira, aiki ya zo da sauƙi. In babu, kamar na Fokker ɗin nan da yawancin zanensa ya ɓace, sai a koma ga tsofaffin hotuna, da rahoton da abokan gaba suka rubuta sa'ad da suka kama jirgin suka kwance shi suka auna, da 'yan guntayen da sojoji suka yanka suka kai gida don tunawa. Mutum zai iya shafe shekaru a kan wannan kaɗai bai taɓa zarto ba.

Katakon ma ba kowane ba. Ƙashin fiffike da wani icce ake yi mai suna sufurus, wanda mafi kyawunsa ke fitowa daga gaɓar arewa maso yammacin Amurka da Kanada, don ba shi da nauyi kuma jijiyarsa a miƙe take. A lokacin yaƙin har runduna guda Amurka ta kafa ta sojoji, ba aikinsu sai sare wannan icce. Dogayen sandunan gangar jiki kuma da wani icce mai tauri da ke lanƙwasuwa in an turara shi da tururi. Farfela kuwa ba daga gungume ɗaya ake sassaƙo ta ba. Falanki ake jerawa ɗaya kan ɗaya, na icce dangin maɗaci ko na gyaɗar Turawa, a manne da gam, ya bushe, sannan a sassaƙe a kankare har ɓangarorin biyu su yi nauyi ɗaya. Haƙarƙarin fiffike, waɗanda su ke ba shi siffarsa, ɗaya bayan ɗaya ake haɗa su a kan allo daga 'yan siraran katako, kuma jirgi ɗaya na cin gommai. Ga ƙananan ƙarafa na haɗa gaɓa da gaɓa, ɗaruruwa, kowanne a yanko shi daga farantin ƙarfe a goge a lanƙwasa a huda. Bayan an haɗa komai sai a ɗaure da wayoyi a giciye, ana ƙara wannan ana sassauta wancan, ana dubawa da igiya mai nauyi irin ta magina, har jirgin ya tsaya daidai. In aka karkace kaɗan, a sama zai riƙa janye matuƙi gefe guda.

Amma inda ya fi kama hankalinmu, kun san sana'a ba ta ɓuya, shi ne wajen ƙyalle. Lilin ne, na gaske, wanda ake saƙawa da zaren wata shuka da a wancan zamani ake nomawa a Ayalan da Beljiyam da Rasha. Ana ɗinka shi kamar riga a zura wa fiffiken, sannan a bi kowane haƙarƙari da waccan doguwar allura. Ta shiga ta sama ta fito ta ƙasa ta zagayo katakon, a ƙulla, a matsa gaba inci biyu ko uku a sake. Zaren an shafe shi da kakin zuma. Kuma kowane ɗinki da ƙullinsa, don in ɗaya ya tsinke a sama kada sauran su bi shi su warware. Duk telan da ya taɓa ganin ɗinkin keke ya zare tun daga hammata har ƙasa ya san dalili. Bayan nan a liƙa siririn ƙyalle a kan layin ɗinkin, sai a kawo wani ruwa mai kauri mai wari kamar na goge farce a shafa da buroshi, shafi bayan shafi. Wannan ruwa shi ke sa lilin ya tsuke ya ɗame, har in ka ƙwanƙwasa da yatsa ya amsa kamar ganga. Mata ne suka fi yin wannan aiki a masana'antun Ingila lokacin yaƙi, kuma irin ruwan da aka fara amfani da shi yana da guba, ya sa wa wasunsu shawara, wasu har suka rasa rayukansu kafin a canza haɗin. Ga shi kuma da kama wuta kamar fetur. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jamusawa kuma suka zo da wata dabara da duk mai sayar da atamfa zai yi murmushi in ya ji. Fenti yana da nauyi, ga tsada a lokacin yaƙi. Sai suka riƙa buga launi a jikin ƙyallen tun daga masaƙa, zane mai gida-gida kamar saƙar zuma, launi huɗu ko biyar, mai duhu na saman fiffike, mai haske na ƙasa, don jirgin ya saje. Wato dai atamfa suka yi wa jirgi. Mai son kwafa yau dole ya sa a sake buga masa wannan yadi, kuma nan gardama take, don guntayen da suka rage sun haura shekara ɗari, rana da mai sun ci launinsu. Mu da muka sha cire bandir daga bakin taga mu ga gefe ɗaya ya koɗe mun san inda ake duba launi na gaskiya: cikin ninki, inda haske bai taɓa shiga ba.

Sai inji. Nan fa sai an yi haƙuri da mu, don mu ma sai da bakanike maƙwabcinmu ya kalla sau uku kafin ya yarda. A injin mota, gangar injin tana tsaye, sandar ciki ce ke juyawa. A da yawa daga cikin waɗannan jirage abin a juye yake. Sandar ce aka ɗaure a jikin jirgi ba ta motsi, injin gaba ɗaya, silinda tara a jere kamar ƙafafun keke, shi ne ke juyawa tare da farfela, wajen zagaye 1,200 a minti. Hikimar ita ce iska ta riƙa sanyaya shi ba sai an ɗora masa lagireto da ruwa ba. Na Camel, ƙirar Clerget ta Faransa, ƙarfin doki 130 gare shi. Ba baƙin mai yake sha ba, man zurman ne, wanda wasu ke kira cika-gida, don shi fetur ba ya narkar da shi. Kuma man ba ya komawa tanki. Yana shiga ya yi aikinsa ya fita, iska ta watsa shi a jikin jirgi da fuskar matuƙi. Shi ya sa za ka gan su da gilashi da ƙyalle a wuya. Labari ya yaɗu cewa matuƙan kan sauko cikinsu na ƙugi, kuma duk wanda aka taɓa ɗura wa man zurman yana yaro ba zai yi musu ba.

Irin waɗannan injuna na asali sun yi ƙaranci. A Niyu Zilan akwai kamfani mai suna The Vintage Aviator, na Peter Jackson mai shirya finafinai, da suka ce to bari su ma a sake yin su. Sukan samo tsohon inji su kwance shi ƙusa bayan ƙusa, su auna kowane yanki, su zuba sabo su gyare shi a lata. Cikin waɗanda suka yi har da Oberursel, injin jirgin Richthofen. Abin dariyar shi ne Oberursel ɗin kansa kwafin injin Le Rhône ne na Faransa, wato Jamus na yaƙi da Faransa da injin da ta kwaikwaya daga Faransa. Na Niyu Zilan ya zama kwafin kwafi ke nan, kuma yana tashi lafiya lau a filin Masterton.

Wannan inji mai juyawa yana da hali. Nauyin ƙarfe mai yawa yana wulwulawa a gaban jirgi mara nauyi, sai ya riƙa fizgar sa. Camel in ya juya dama, kamar walƙiya, hancinsa na neman ƙasa. In ya juya hagu, a hankali, hancinsa na neman sama. Gwanaye sun mai da wannan makami, amma ya kashe sabbin matuƙa masu yawa tun a filin koyo, ba su ko ga abokin gaba ba. Wanda ya kwafi jirgin da gaskiya ya kwafo har da wannan hali. Ba birki, ba tayar baya sai wani ɗan sanda da ke jan ƙasa, ba kiyi, da hannu ake murɗa farfela mutum ya yi tsalle baya. Sai filin ciyawa, sai iska ta kwanta.

Yanzu ga labarin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A arewacin Ingila, yankin Yokshaya, wasu 'yan sa-kai suka kafa ƙungiya a shekarun 1970 mai suna Northern Aeroplane Workshops. Suka ɗauki aikin ƙera Sopwith Triplane, wani mai fiffike hawa uku na 1916, wanda kimanin 150 aka yi, biyu kawai suka rage, ɗaya a Landan ɗaya a Rasha, kuma ba mai tashi a cikinsu. Suka bi zanen masana'anta layi bayan layi, da irin katakon da irin ƙyallen, aka samo musu injin Clerget na asali. Lokacin mai kamfanin kansa, Thomas Sopwith, yana raye, tsoho tukuf. Da ya ga irin aikin da suke yi sai ya ce kada a kira wannan jirgi kwafi, a ɗauke shi a matsayin ɗaya daga cikin nasa da ya makara fitowa daga masana'anta. Aka buga masa lamba 153 a farantin da ke gaban matuƙi. Sopwith ya rasu a Janairu 1989 yana da shekara 101, jirgin kuma bai tashi ba sai 1992, a filin Shuttleworth. Bai gani ba.

Mun daɗe muna juya wannan magana. Su masu aikin ba su ce orijinal ne ba. Mai abu ne ya duba ya ce na yarda, nawa ne. Wanda ya yi karatun zaure ya san bambancin ɗalibin da ya tashi ya ce shi malami ne da wanda malaminsa ya saurare shi ya ce jeka ka karantar. A kasuwa kuwa kullum akasin haka muke gani: shadda ta fito daga inda ta fito, an buga mata hatimin wani kamfani a baki, an sa ta a leda mai ƙyalli, mai yi ya ɓuya, mai sayarwa yana rantsuwa. A ganinmu ba kyawun aiki ne ya raba kwafi da jabu ba, don akwai jabun da ya fi orijinal kyan gani. Abin da ya raba su shi ne wanda ya yi ya tsaya kusa da kayansa ya faɗi abin da ke ciki.

Kuma su ma fa ba duka suke bin asali ɗari bisa ɗari ba, nan ne maganar ta yi daɗi. A ƙarshen Oktoba 1917, cikin kwana biyu, fiffiken sama na Fokker Dr.I guda biyu ya ɓalle a iska, matuƙan suka mutu, ɗaya daga cikinsu Heinrich Gontermann, gwani ne da ake ji da shi. Da aka bincika sai aka tarar aikin gaggawa ne aka yi a masana'anta, ba a shafe katakon ciki da kyau ba, danshi ya shiga ya saki gam. Aka dakatar da jiragen, aka sa kamfanin ya gyara da kuɗinsa. To wanda ya ce shi asali yake bi, ya kwafi wannan ma? Ba mai hankalin da zai yi. Yawancinsu da gam na zamani suke aiki. Wasu kan sa birki a ɓoye da rediyo. Wasu kan bar lilin su sa ƙyallen roba da ake ɗamewa da dutsen guga, don ya fi daɗewa. Wasu da yawa, musamman masu yi a garejin gida a Amurka, injin zamani suke sawa, har gangar jikin ma da bututun alminiyam, siffar kawai ta rage. Masu tsanani a cikinsu suna raina waɗannan. Mu dai ba mu ga laifin kowa ba muddin ya rubuta a allo: nan na bi asali, nan na kauce, ga dalili. Amma in ka tambaye mu wanne muka fi so mu tsaya mu kalla, to mai lilin ne da warin man zurman.

Abin da ya fi taɓa mu kuwa shekarun da aikin ke ci ne da shekarun masu yin sa. 'Yan Yokshaya ɗin nan bayan wancan sun yi wani jirgin Bristol, sannan suka kama Camel, wanda bai tashi ba sai 2017. A Sukotlan wasu dattawa 'yan fansho suka fara ƙera wani Sopwith mai kujera biyu a shekarar 2000, ya tashi a 2024. Shekara 24. Wasu daga cikin waɗanda suka fara ba su ga ranar ba. Mutum ya haura sittin ya kama aikin da ya san da wuya ya ga ƙarshensa, ba albashi, ya yi ta goge ƙarfe ɗan ƙarami da za a rufe da ƙyalle ba mai sake ganinsa. Kuma bayan duk wannan, rana ɗaya na iya mai da shi baya: a 2014 wancan mai lamba 153 ya taɓa shinge wajen sauka ya kifa da hanci. Matuƙin ya fito lafiya, aka kwashe jirgin aka koma ɗakin aiki.

Me suke tserarwa? Ba siffar jirgin ba, don hotuna na nan. Takarda za ta gaya maka tsawon waya, ba za ta gaya maka yadda take amsawa a yatsa in ta ɗamu daidai ba. Za ta gaya maka a ƙulla zare, ba za ta nuna maka yadda ake juya wuyan hannu ba. Wannan a hannu yake zaune, kuma in hannun ya shiga ƙasa ya tafi da shi, sai wani ya sake wahalar gano shi daga farko. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ku ƙirga masu aikin wuyan babbar riga da hannu da suka rage a layinmu, waɗanda za su zauna su fitar da aska takwas ba tare da kwamfuta ba, sannan ku ƙirga yaran da ke zaune gefensu. Ku tambayi tsofaffin 'yan goro mutum nawa ne yanzu za su ɗaure huhu ya je Kano ya kwana biyu goro bai yi zafi ba.

Wani abokin zamanmu, da ya ga mun ƙwallafa rai, ya ce: "Malam, ai kayan kisa ne waɗannan. Me ye abin sha'awa?" Maganarsa tana da nauyi kuma ba mu ture ta ba. An yi su ne don kashe mutum. A watan Afrilu 1917 kaɗai Ingila ta rasa jirage 245, matuƙa da 'yan rakiyarsu fiye da 200 suka mutu ko suka ɓace, yawancinsu samari da ba su wuce sa'o'in 'ya'yanmu ba. Kun tuna ruwan nan mai kama wuta? Ga tankin fetur kusa da jikin matuƙi, kuma matuƙan Ingila ba a ba su lemar sauka ba har aka gama yaƙin. In wuta ta kama a sama zaɓi biyu ne, kuma ba na alheri a ciki. Wannan yaƙi ne kuma da aka kwashi mutanenmu aka kai Kamaru da Gabashin Afirka, da yawa ba su dawo ba. Shi ya sa wasan da ake yi a wasu wurare, inda ake kwaikwayon faɗan sama ana tafi ana dariya ana cin gurguru, bai kwanta mana ba. Amma jirgin da ke tsaye a ƙasa, ka zo ka ga kujerar saƙar kwando da yaro ɗan shekara sha tara ya zauna a kai, ka taɓa ƙyallen da shi ne kaɗai tsakaninsa da harsashi, wannan ba ya sa mutum sha'awar yaƙi. Bindigogin da ke kan na yanzu ma galibi na ado ne, ba sa harbi.

Akwai kuma inda abin ya taɓo gida kai tsaye. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano, ƙarƙashin wani hafsa Arthur Coningham. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi, kusan hanyar da alhazanmu na ƙasa ke bi a wancan zamani su yi shekara da shekaru, su suka yi ta cikin kwana shida. Daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya. Jiragen ƙirar DH.9A ne, ragowar wancan yaƙi, masu jefa bam ba masu faɗan sama ba, kujera biyu, injin Liberty na Amurka mai ƙarfin doki 400. Amma katako ne da lilin da waya, ɗinki iri ɗaya da wanda muka bayyana. Irinsu guda ɗaya ya rage, yana gidan tarihin sojan sama a Landan, shi ma da ƙyar: Jamusawa suka kama shi a 1918, ya zauna a Balin, yaƙi na biyu ya kai shi Folan, ya dawo Ingila a 1977, sai da aka sake yi masa fukafukai.

Muka kawo wannan magana a majalisa bayan Isha'i, cewa da za a sami wanda zai tsaya, ai ya kamata a ce akwai kwafin wannan jirgi a Kano, ko da ba mai tashi ba ne, yaran makaranta su zagaya shi su ga abin da kakanninsu suka fito kallo. Faɗinsa wajen ƙafa 46 ne. Muka auna da taku a bakin titi, ya ci gaban shago huɗu. Tela ya ce ɗinkin ba zai gagare shi ba in an samo allurar. Mai walda ya ce ƙarafan nasa ne. Kafinta kuwa, wani dattijo da ya yi shekaru yana sayen katako a Bodija, ya daɗe shiru sannan ya ce: "Malam, sufurus ɗin nan ba mu da shi, kuma kun san kuɗin dala. Amma arere ma ba shi da nauyi." Muka ce in an yi da arere ai an kauce wa asali tun daga ƙashi. Ya ce ai mu muka ce ba laifi in an rubuta a allo. Ya yi alkawarin zai kawo guntu ranar Asabar a ɗora a sikelin mai shinkafa.